Mazo da ƙaramin harsashi: ina iyakar .22 take?

Duk shekara idan 1 ga Disamba ta gabato, ranar da hanin farauta na wata huɗu yake ƙarewa a Ghana, gardama ɗaya ce ke dawowa majalisun maharba a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na Kumasi: ƙaramar raifil ta isa mazo ko ba ta isa ba? Wani ya ce .22 tana kayar da shi nan take, wani ya ce ɓarnar nama ce kawai. Kowannensu abin da idonsa ya gani yake faɗa. Sai dai mai yabon ƙaramin harsashi yana ƙirga waɗanda ya saɓo a kafaɗa ne, waɗanda suka shige kurmi da rauni suka mutu can bayan kwana biyu ba sa shiga lissafinsa. Kowane harsashi yana iya kisa. Abin dubawa shi ne, cikin harbi goma da suka sami dabba, nawa ne za su kawo nama gida.

Yawancin bayanan da matasa ke gani a YouTube kan wannan batu daga Amurka da Turai suke, kuma a kan barewarsu mai ƙaho mai rassa, wadda babu irinta a dazukanmu. Ko dabbar da ake kamawa da hannu a bikin Aboakyer na Winneba cikin watan Mayu mazo ne, ba irin waccan barewar ba. Saboda haka sai mun auna maganarsu da nauyin namu dabbobin. Gyazbi, wato akrantiye, kilo 3 zuwa 7 ne. Ƙaramar gadar kurmi mai ruwan toka, wadda ake yawan samu a kasuwar naman daji ta Atwemonom a Kumasi, ba ta cika wuce kilo 10 ba. Baƙar gada da jar gadar kurmi suna kaiwa kilo 15 zuwa 24. Mazo yakan kama daga kilo 30 zuwa 50, riƙaƙƙen namiji ya wuce haka. Namijin maraya kuwa, a filayen arewa, yana kusantar kilo 90. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ninki fiye da goma.

Tushen ruɗanin shi ne ana kiran harsasai da yawa da suna .22 don faɗin bakinsu ɗaya ne, kimanin milimita 5.7, alhali ƙarfinsu ko kusa bai zo ɗaya ba. Juya kwanson ka dubi gindinsa. Idan sumul yake, babu ɗan zagaye a tsakiya, allurar bindiga kuma a gefe take bugunsa, to ƙaramin ne. Irin wannan kwanso tilas ya zama siriri don allura ta iya lotsa shi, shi ya sa ba ya ɗaukar albarushi mai yawa. Wanda ke da zagaye a tsakiya shi ne mai kauri, mai jure matsi.

Ga yadda alƙaluman suke a bakin bindiga. Harsashin .22 LR, wanda ake yi tun 1887, nauyinsa giram 2.6, gudunsa mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, ƙarfinsa a ma'aunin da ake kira jul (joule) 140 zuwa 190. Na .22 Magnum nauyinsu ɗaya, amma yana kaiwa jul 430. Na .22 Hornet yana dab da jul 1,000. Na .222 Remington kimanin 1,480 ne, na .223 mai giram 3.6 da gudun kusan mita 990 a daƙiƙa yana ba da kimanin 1,740. Na .243 Winchester, mai faɗin milimita 6.2 da nauyin giram 6.5, ya haura 2,600. Dalilin wannan tazara shi ne gudu ya fi nauyi tasiri: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi sau huɗu yake ninkawa. Ke nan .223 ta fi .22 LR ƙarfi sau tara, ga shi kuma ramin da za su huda a takarda iri ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka ".22 ta isa", tambaye shi wacce.

Ƙasashen da suka daɗe suna auna wannan abu sun sa iyaka a doka, kuma iyakar tasu tana da amfani a gare mu ko da ba ta hau kanmu ba. A Ingila dokar 1991 ta ce barewa sai da harsashin da faɗinsa bai gaza inci .240 ba, mai ƙarfin kimanin jul 2,300. A 2007 aka yi sassauci ga nau'i biyu mafi ƙanƙanta, waɗanda nauyinsu bai wuce na gadarmu ba, aka yarda da .220, amma da sharaɗin ƙarfinsa ya kai kimanin jul 1,350, nauyinsa ya kai giram 3.2, bakinsa kuma ya zama mai bajewa. A Jamus ƙaramar barewarsu mai kilo 20 zuwa 30 sai da harsashin da ke riƙe da jul 1,000 bayan ya yi tafiyar mita 100; manyan kuwa sai milimita 6.5 da jul 2,000. A duk waɗannan ma'aunai .22 LR da .22 Magnum ba su ko leƙa ba.

Jul kaɗai ba ya kisa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa cikin jikin dabba. Hanya biyu ce harsashi ke kayar da ita: ko ya lalata ƙwaƙwalwa ko laka, ta faɗi a wurin, ko ya yaga zuciya da huhu da manyan jijiyoyi, jini ya zube a ƙirji, ƙwaƙwalwa ta rasa jini cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Kafin ya kai ga huhun mazo sai ya ratsa fata, da tsoka, da haƙarƙari, wani lokaci da allon kafaɗa. Harsashin .22 LR yana iya ratsa haƙarƙari, babu musu. Amma ƙofar da zai buɗe siririya ce, sau da yawa ba ya fita ta ɗaya gefen, fata da kitse kuma su rufe mashigar. Huhu ɗaya ya huje, ɗayan yana aiki. Mazon ya zabura ya yi mita ɗari biyu ko uku cikin sarƙaƙiya, jini yana taruwa a ciki, ƙasa kuwa ko ɗigo babu. Maharbi ya zagaya, bai ga komai ba, ya ce ya kuskure. Bai kuskure ba. Dabbar tana can kwance za ta mutu da dare, ungulu da tururuwa su ci.

Masu kare .22 LR sukan ce ai a ka ake harbi. Ƙwaƙwalwar mazo kusan girman ta akuya ce, kuma kai shi ne sashen da ya fi motsi a jikin dabbar da ke kiwo tana ɗagowa tana saurare. Harsashin .22 LR da aka saita a mita 50 yana sauka ƙasa da santimita 15 ko fiye idan ya kai mita 100, iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa kuma tana iya ture shi kusan haka. Kuskuren yatsa uku ya isa ya mai da harbin ƙwaƙwalwa harbin muƙamuƙi. Mazon da muƙamuƙinsa ya karye yana gudu da ƙafa huɗu lafiyayyu, ba ya barin jinin da za a bi, ba ya iya ci ko sha, sai ƙishirwa da tsutsa su kashe shi bayan kwanaki. A cikin duk raunukan farauta babu wanda ya kai wannan muni, kuma harbin ka ne ke jawo shi.

A ganinmu rabon a fili yake. .22 LR ta gyazbi ce da zomo da zabo, a tazarar da ba ta wuce mita 50 ba. .22 Magnum da Hornet suna iya ɗaukar ƙaramar gada a kusa. Baƙar gada da jar gada, .222 ko .223 ta wadatar. Mazo shi ne kan iyaka: .223 tana yi, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma wanda ke da zaɓi ya ɗauki .243. Maraya da abin da ya fi ta, ƙaramin harsashi ya fita daga maganar.

Sharaɗi na farko shi ne irin kan harsashin, kuma nan ne mafi yawan masu .223 ke faɗawa rami. Iri uku ake samu. Akwai mai siririyar riga wanda aka yi don ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona. Da ya taɓa nama yake tarwatsewa. A kan kafaɗar mazo yana buɗe rauni mai faɗi, mai ban tsoro a ido, amma marar zurfi, bai kai huhu ba. Akwai mai cikakkiyar rigar ƙarfe irin na soja, wanda ba ya bajewa. Ko ya wuce ya bar siririn rami, ko ya karkace ya bi inda ba a nufa ba, ba ka da tabbas a kansa. Na uku shi ne na farauta: mai bakin dalma a waje wanda aka manne dalmarsa da rigarsa, ko wanda aka yi da jan ƙarfe zalla. Wannan bakinsa yana bajewa ya kusa ninka faɗinsa, gindinsa kuma ya tsaya cif ya ci gaba da turawa har ya fita. Fitar nan ita ce abin nema, domin ramin fita shi ke zubar da jini ƙasa, shi ke sa huhu biyu su saki. A jikin kwali ana rubuta nauyi da "gr", wato ma'aunin grain, ba giram ba. Ga mazo a nemi 55 zuwa 64 gr na mai bakin dalma, ko 50 zuwa 55 gr na jan ƙarfe.

Sai dai ba kowane bututu ke karɓar harsashi mai nauyi ba. A cikin bututun raifil akwai zanen murɗi da ke juya harsashi don ya tafi a miƙe. Tsofaffin .222 da .223 da yawa murɗinsu a hankali yake, zagaye ɗaya a inci 12 ko 14, kuma ba sa riƙe abin da ya wuce 55 gr sosai. Mai zagaye ɗaya a inci 9 ko 8 shi ke ɗaukar masu tsawo. Aunawa ba wuya: cire harsashi, ɗaura ƙyalle ya matse a kan sandar goge bututu, yi alama a saman sandar, tura a hankali har alamar ta zagayo ta dawo sama, sannan ka auna tsawon da ya shige. Santimita 30 inci 12 ke nan, santimita 23 inci 9. Idan harsashi ya fi ƙarfin murɗin, takarda za ta faɗa maka: maimakon rami zagayayye sai ka ga mai tsawo, alamar harsashin a karkace ya iso. Na jan ƙarfe ya fi na dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, don haka shi ya fi saurin nuna wannan matsala.

Sharaɗi na biyu tazara ce, kuma ba bindiga ke yanke ta ba, mai riƙe da ita ne. Makasar mazo, wato zuciya da huhu, faɗinta kimanin santimita 15 ne. Ta ƙaramar gada ba ta kai 10 ba. Yanki kwali zagayayye mai faɗin santimita 15, kafa shi gaban tudu, ka harba sau biyar a yadda za ka yi a daji, a tsaye da sandunan jingina ko a durƙushe, ba a kan tebur ba. Tazarar da biyar ɗin duka suka shiga ita ce iyakarka. Idan huɗu suka shiga ɗaya ya fita, matso. Ga .223 a kan mazo ba ma ganin dalilin wuce mita 100 zuwa 120 ko da hannun mutum ya kai, domin ƙaramin harsashi yana saurin rasa gudu, bajewarsa kuma da gudu take. A lura da harbin farko musamman: bututu mai sanyi da aka shafa wa mai yakan jefa harsashin farko wani wuri dabam, a daji kuwa na farkon nan shi ne komai. A goge man kafin a fita.

Lokacin da ake buɗe farautar ma yana da nasa tarko. A Disamba ciyawa a yankin Ejura da Atebubu da filayen Afram ta yi tsawo ta bushe, hazon hunturu kuma yana sa abu na kusa ya yi kamar na nesa. Harsashi mai giram uku da rabi da ke gudun kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, idan ya ci karo da karan gamba ko ɗan reshe, yana iya karkacewa ko ya fashe kafin ya isa. Babu harsashin da ke ratsa ciyawa ya tafi daidai, babba ko ƙarami, amma ƙaramin ya fi shan wahala. Idan ba ka ga haƙarƙarin dabbar fes ba, babu harbi.

Na uku shi ne yadda dabbar ta tsaya. Mafi kyau ta ba ka gefe sosai. Bi bayan ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na zurfin ƙirji daga ƙasa. Nan ne saman zuciya da tsakiyar huhu, kuma ka kauce wa ƙashin kafaɗa. Idan ta ɗan juya maka baya kaɗan, saita yadda harsashi zai nufi ƙafar gaba ta can gefen. Idan ta juya sosai, harsashin sai ya ratsa tumbi cike da ciyawa kafin ya kai huhu, ƙaramin harsashi kuwa a nan yake ƙarewa. Idan ta fuskanto ka a karkace, kafaɗa ce ta tare makasa, mai .243 zai iya, mai .223 ya jira. Daga baya, ko tana gudu, ba a harbi ko da wace irin bindiga ce. Gaskiyar magana, mai ƙaramar raifil zai bar dabbobi da yawa su wuce, kuma wanda ba zai iya wannan haƙurin ba bai kamata ya riƙe ta ba.

Masu singil-baral da katirij ɗin AA da BB, waɗanda su ne mafi yawan maharban ƙasar nan, kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Kowace ƙwaya a cikin katirij ba ta kai giram ɗaya ba, kuma bayan mita 25 zuwa 30 sun watse, ƙarfinsu ya ragu. A kan mazo daga nesa biyu ko uku ne za su same shi, galibi a ciki ko cinya.

Bayan an harba, aiki bai ƙare ba. Sake ɗura harsashi nan da nan, idonka na kan dabbar. Riƙe wuri biyu a ka: inda take tsaye, da inda ka yi mata ganin ƙarshe. Wadda aka samu a zuciya takan yi tsalle ta ruga da gudu kai ƙasa, ta faɗi cikin mita 50 ko makamancin haka. Wadda aka samu a ciki takan ƙudundune baya ta tafi a hankali. Jira minti 15 zuwa 20 kafin ka je wurin, sannan ka karanta ƙasa. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, bi shi. Ja mai duhu na hanta ne, ba ta awa biyu ko uku. Ruwa kore-kore mai wari da ɓurɓushin ciyawa na tumbi ne, kuma wannan shi ne mawuyacin hali: idan ka bi da wuri za ka tashe ta ta yi nisa, idan ka daɗe zafin ƙasarmu zai lalata naman. Guntun farin ƙashi mai kauri na ƙafa ne, haƙori ko yawu da jini na muƙamuƙi ne. Waɗannan biyun ba jira, a sa kare a bi. A duba ganyaye a tsayin gwiwa, ba ƙasa kaɗai ba.

Namijin mazo mai rauni ba abin wasa ba ne. Yana kwanciya cikin duhuwa ya bari a matso, sannan ya taso da ƙahonsa masu tsini a daidai cinya da mara. Yana kashe karnuka, yana kuma yi wa mutane mummunan rauni. A tunkare shi ta bayansa, bindiga a shirye. Wanda ya mutu idonsa a buɗe yake, ba ya ƙiftawa idan an taɓa da tsinke. Wanda idonsa ke rufe yana da sauran rai.

A wurinmu Musulmi akwai wani lissafin kuma. Malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta abin da harsashi ya kashe idan an ambaci sunan Allah lokacin harbi. Risala, wadda ake karantawa a makarantun zango, ta bayyana cewa abin da ka riska da rai sai ka yanka shi, wanda ya mutu kafin ka iso kuma ka ci matuƙar bai kwana ɓoye gare ka ba, ko da yake ta kawo wani ƙauli mai sassauci idan an sami makamin a makasa. Dubi inda wannan ya bar mai ƙaramin harsashi: dabbar da ya sama a tumbi da yamma, ya tsinta da safe, ta faɗa cikin abin da ba a ci. Ya kashe rai, ya rasa nama. Wanda kuma ya kai irin wannan kasuwa ya sayar wa 'yan'uwa bai faɗa ba, ya ɗauki wani nauyin.

Ta fuskar doka, takarda biyu ake buƙata: lasisin bindiga daga 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara, da lasisin farauta daga sashen namun daji na hukumar gandun daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba gyazbi kaɗai aka yarda, shi ma da lasisi. An hana harbin 'ya'ya da uwar da ke tare da ɗanta, an hana farauta da fitila, da guba, da cinna wa daji wuta. Kogyae da Bomfobiri da Owabi da Digya wuraren kariya ne, ba a farauta a ciki. Macen mazo ba ta da ƙaho, ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kimanin wata shida, kuma tana ɓoye shi a ciyawa ta fita kiwo ita kaɗai, don haka ganinta ita ɗaya ba ya nuna ba ta shayarwa. A bar matan mazo.

Hanin fitila ma kariya ce ga mutane. Ido biyu masu ƙyalli a duhu ba sa gaya maka na mene ne, kuma labarin maharbin da ya harbi abokin tafiyarsa ko manomi ba baƙo ba ne a gidajen rediyon Kumasi. Raifil ta fi singil-baral haɗari a nan nesa ba kusa ba: .22 LR tana iya kai kusan kilomita 2, tana kuma yawan tsalle idan ta bugi dutse ko ruwa, .223 kuwa ta wuce kilomita 3. A ƙasar da gonakin koko da bukkokin manoma ke ko'ina, kowane harbi sai da tudu ko suri a bayan dabbar.

Idan an samu, a yanka, a farke ciki cikin awa ɗaya, a buɗe ƙirji iska ta shiga, a rataye a inuwa. Idan tumbi ya fashe, a yanke inda ƙazanta ta taɓa da wuƙa maimakon a watsa ruwa ya yaɗa ta. Ƙaramin harsashi mai gudu yana barin ɓurɓushin dalma da ido ba ya gani nesa da hanyar da ya bi, dafuwa da ƙyafewa kuma ba sa kawar da ita. A yanke duk naman da ya ƙuje ko ya tara jini, a ƙara da santimita 10 kewaye da shi. Wannan yankin kada ya shiga tukunyar da yara da masu ciki za su ci, kada kuma a jefa wa karnukan farauta. A haƙa rami a binne.